Yadda Ake Tsara Wasan Katunan Tarawa: Farashi, Daidaito da Wuyar Samu

Wanda ya saba da Wot ya san kati mai lamba 20 ya fi kowane kati, amma ba mai kuka da shi, domin tulin katin ɗaya ne a tsakiya: yanzu ya faɗo hannunka, anjima ya faɗo hannun abokin wasanka. Wasannin katunan tarawa irin su Magic: The Gathering da Pokémon da Yu-Gi-Oh! ba haka suke ba. Kowa da ɗaurinsa yake zuwa, shi ya tsince katunan da ke ciki daga waɗanda ya saya ko ya yi musaya. To idan akwai katin da ya fi ƙarfin sauran, ba sa'a ce za ta raba shi ba. Mai kuɗi zai cika ɗaurinsa da shi, marar kuɗi ya sha kashi sau biyu sau uku, ya tattara nasa ya tafi.

Saboda haka, idan kana son tsara naka wasan, ka riƙe abu ɗaya tun kafin ka ɗauki biro: ƙarfin kati a cikin wasa ake biyan kuɗinsa, ba a shago ba. Duk matakan da ke tafe hanyoyi ne na tabbatar da wannan.

Mataki na farko: yanke abin da ɗan wasa zai riƙa biya

Kada ka fara da zanen dodanni. Fara da tambayar abin da zai hana mutum zube katinsa mafi ƙarfi tun a zagayen farko. A Magic, wanda Richard Garfield ya ƙirƙira, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 1993, katunan ƙasa ne ke samar da kuzarin da ake biya, kuma ɗaya tak ake ajiyewa a kowane zagaye. Shi ya sa a ɗauri mai kati 60 mutane kan sa na ƙasa wajen 24. Aibinsa shi ne wani lokaci ka ɗebi hannu ba ƙasa, ka zauna kana kallo ana dukanka. Hearthstone, wasan kwamfuta da waya da Blizzard ya fitar a 2014, ya kauce wa wannan: kuzari yana ƙaruwa da ɗaya da kansa a kowane zagaye har ya kai 10. Yu-Gi-Oh! na Konami ba shi da kuzari ma sam; dodo ɗaya ake kira ta hanyar da aka saba a zagaye, babba kuma sai ka sadaukar da ƙarami ɗaya ko biyu.

Idan wasanka na farko ne, ni dai shawarata ka bi tsarin kuzarin da ke hawa da kansa. Lissafinsa ya fi sauƙi, kuma za ka san takamaimai abin da mutum zai iya yi a zagaye na uku ko na biyar. A wannan zama kuma ka yanke sauran lambobi: makin rai na kowane ɗan wasa, katunan da ake farawa da su a hannu, girman ɗauri, da kwafi nawa na kati ɗaya aka yarda a sa. A Magic rai 20 ne, hannu 7, ɗauri 60, kwafi 4. A Yu-Gi-Oh! rai 8000, hannu 5, ɗauri 40 zuwa 60, kwafi 3. Sannan ka rubuta a zagaye na nawa kake son wasa ya riƙa ƙarewa, domin da wannan lambar za ka auna komai nan gaba.

Mataki na biyu: katin ma'auni

Yi katin da ba shi da wata dabara ko kaɗan, daga farashi sai ƙarfin duka sai juriya. A Magic akwai Grizzly Bears: farashi 2, duka 2, juriya 2. A Hearthstone akwai Chillwind Yeti: farashi 4, duka 4, juriya 5. Ka yi irin wannan ga kowane farashi, daga 1 har zuwa 7 ko 8, ka liƙa takardar a bango. Duk katin da za ka ƙirƙira daga baya, sai ka ɗora shi a kan wannan tsani ka tambaya: me ya ƙara, me ya rasa?

Daga nan ne dabaru suke samun farashinsu. Wind Drake na Magic duka 2 ne, juriya 2, kamar beyar ɗin can, sai dai yana tashi sama, mayaƙan ƙasa ba sa iya tare shi, farashinsa 3. Ke nan tashi a jikin ƙaramin mayaƙi kuzari ɗaya ne. Amma kada ka ɗauka ko'ina ɗaya ne. Tashi a jikin mai duka 6 ya fi tsada nesa, don duka shida da ba a tarewa sau huɗu kawai suke buƙata su gama da rai 20.

Akwai kuma abu biyu da lissafin tsani ba ya nunawa. Na ɗaya, katin kansa farashi ne: duk wanda ka ajiye, hannunka ya ragu. Na biyu, kati mai tsada yakan daɗe a hannu ba amfani. Mai farashi 7 zai zauna zagaye shida yana cin wuri, wani lokaci a gama wasan bai fito ba. Dole ne in ya fito ya girgiza fili, in ba haka ba ba wanda zai sa shi a ɗauri.

Mataki na uku: gane abubuwan da ba sa aunuwa da lamba ɗaya

A nan yawancin wasanni suke karyewa, kuma misalin da ya fi koyarwa yana cikin bugun farko na Magic. An yi katuna biyar, ɗaya ga kowane launi, kowanne farashinsa 1, kowanne yana ba da uku na wani abu. Healing Salve yana ƙara rai 3. Lightning Bolt yana yin duka 3. Giant Growth yana ƙara wa mayaƙi duka 3 da juriya 3 na zagaye ɗaya. Dark Ritual yana ba da kuzari 3. Ancestral Recall yana ba ka damar jan kati 3. A takarda sun yi kunnen doki. A kan tebur kuwa, Healing Salve ya zama katin da kusan ba mai sa shi, Lightning Bolt ya zama nagartaccen kati da ake so har yau, Ancestral Recall kuma ya shiga cikin katuna tara da aka fi sani da wuce gona da iri, an haramta shi a kusan kowane tsarin gasa, inda aka bar shi ma kwafi ɗaya kawai aka yarda.

Dalili a fili yake idan ka bi sawu. Rai 3 bai canza komai a fili ba, jinkiri kawai ya sayo maka. Duka 3 yana kashe mayaƙi ɗaya, kati ya ci kati. Amma jan kati 3 yana nufin ka kashe ɗaya ka samu uku, kuma a cikin ukun nan akwai duka, akwai kuzari, wataƙila ma akwai wani mai jan katin. Haka Pot of Greed na Yu-Gi-Oh! yake: rubutunsa kawai ka ja kati 2, amma tunda wasan ba kuzarin da ake biya, ba wani ɗauri da zai ƙi shi, shi ya sa ya shafe shekaru masu yawa a jerin haramtattu. Pokémon ma ya fara da Bill mai jan 2 da Professor Oak mai zubar da hannu a ja 7, ana buga su iya son rai. Daga baya aka ware irin waɗannan a rukuni na musamman da ake buga ɗaya tak a zagaye.

Don haka ka sa jan biro a kan duk katin da ke yin ɗaya daga cikin waɗannan: jan kati, ba da kuzari fiye da wanda ya ci, binciko kati daga cikin ɗauri, ƙarin zagaye, ko farashi 0. Black Lotus, katin da ya fi kowanne suna a Magic, farashinsa 0 ne yana ba da kuzari 3, wato ya kai ka zagaye na huɗu alhali abokin wasanka bai ajiye komai ba. Irin waɗannan ka fara da sa musu farashi sama da abin da kake ganin ya dace, ka sauko a hankali lokacin gwaji. Ka kuma guji dabarar da ake maimaitawa ba iyaka. Rubuta "sau ɗaya a zagaye" a kati yana rufe ƙofofi da yawa da kai ba ka hango ba.

Mataki na huɗu: raba ƙarfi tsakanin ɓangarori

Ko launuka ne, ko dangogi, ko masarautu, kowane ɓangare ka ba shi abin da ya ƙware a kai da abin da ba ya iyawa, kuma rashin iyawar ya fi muhimmanci. A Magic shuɗi yana soke kati tun kafin ya sauka, amma yana shan wahala da abin da ya riga ya sauka. Ja yana da saurin duka amma hannunsa kan ƙare da wuri. Rubuta raunin kowane ɓangare kada ka yafe masa, ko da kati ɗaya. Ranar da ɓangare guda ya iya komai, sauran sun zama ado.

Mataki na biyar: wuyar samu, da abin da ba aikinta ba ne

Garfield ya san Black Lotus da Ancestral Recall suna da ƙarfi. Tunaninsa shi ne mutane za su sayi ɗauri ɗaya ko biyu da 'yan fakitoci, wato rufaffun ƙunshin katuna da ba a san abin da ke ciki ba sai an buɗe, don haka a cikin abokai goma da wuya a ga irin wannan kati fiye da ɗaya, ƙarancinsa zai tsare wasan. A bugun farko kowane kati mai wuyar samu kwafi wajen 1,100 kawai aka buga, kuma ba a ma iyakance kwafin da mutum zai sa a ɗauri ba. Sai jama'a suka riƙa sayen kwali-kwali, suna tattara masu ƙarfin a hannu ɗaya. A 1994 dole aka kafa dokokin gasa: ɗauri kati 60, kwafi 4, da jerin katunan da aka taƙaita. Idan ka ji zuciyarka na cewa "ba komai, ai zan sa shi cikin masu wuyar samu", ka tsaya. Katin bai daidaita ba ke nan, koma ka gyara farashinsa.

To mene ne amfanin matakan wuyar samu, wato raba katuna zuwa gama-gari, matsakaita da masu wuyar samu? Amfaninsu na farko shi ne tsare sabon ɗan wasa daga ruɗewa. Katunan gama-gari su ne zai fi gani, su ne za su koya masa wasan, don haka su zama masu gajeren rubutu, dabara ɗaya, wadda ake ganewa da karatu ɗaya. Mark Rosewater, wanda ke jagorantar tsara katunan Magic tun 2003, ya bayyana a 2011 yadda kamfanin ya mayar da wannan doka a kan katunan gama-gari, bayan sun lura sarƙaƙiya na korar sababbin shiga. Matsakaita kuma su ne wurin katunan da ke nuna wa mutum hanyar gina ɗauri. Masu wuyar samu nan ne gidan dogon rubutu, da baƙuwar dabara, da katin da ke share fili gaba ɗaya, wanda in ana ganinsa a kowane wasa zai gundiri mutane.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne kayan aikin yau da kullum: katin kashe mayaƙi, katin kariya, nagartaccen mayaƙi mai arha. Waɗannan su zauna a gama-gari da matsakaita. Lightning Bolt gama-gari ne a bugun farko, kuma ya ci gasa ba adadi. Yaron da ya tara kuɗin fakiti biyar ya kamata ya iya haɗa ɗaurin da zai ba mai kwali goma wahala.

Masu tarawa kuma akwai hanyar faranta musu ba tare da an taɓa daidaito ba. Charizard na farkon Pokémon shi ne kowa ke nema, amma ba shi ke cin gasa ba a lokacin. Hitmonchan da Electabuzz da Scyther, masu fara duka da kuzari kaɗan, su ne ke ci. Sha'awa daban, ƙarfi daban. Buga kati ɗaya iri biyu: na kowa da kowa, da mai ƙyalli ko zane na musamman wanda ke wuyar samu, rubutunsu iri ɗaya. Mai son ado ya bi na adon, mai son wasa ya samu nasa da arha.

Mataki na shida: lissafin fakiti

Wuyar samu ba tambari ba ce, lissafin maɗaba'a ce. Katunan Magic a kan babban falle ake buga su, sau da yawa layi 11 sau 11, wato 121, sannan a yanka. Daga 2008 aka ƙaro matakin wuyar samu na huɗu, na ƙololuwa, kuma shekaru da dama babban fitowa yakan ƙunshi masu wuyar samu 53 da na ƙololuwa 15. A wancan lokacin a falle ɗaya ake haɗa su: kowane mai wuyar samu sau biyu, 106 ke nan, na ƙololuwa sau ɗaya-ɗaya, ya cika 121. Tunda kati ɗaya daga fallen nan ake sa wa kowane fakiti, na ƙololuwa kan fito kusan sau ɗaya a fakiti 8, amma wani takamaimai da kake nema sau ɗaya ne a fakiti 121. Mai son kwafi 4 nasa ta hanyar buɗe fakiti, lissafinsa fakiti 484. Ka ga abin da ke faruwa idan aka sa katin da kowane ɗauri ke buƙata a wannan mataki.

Ga tsarin da zai ishe ka a fitowar farko: kati 100, gama-gari 42, matsakaita 28, masu wuyar samu 30. Fakiti mai kati 10, a zuba 7 da 2 da 1. Kowane gama-gari zai fito sau ɗaya a fakiti 6, matsakaici sau ɗaya a 14, mai wuyar samu sau ɗaya a 30, wato kowane mataki ya ninka na ƙasansa kusan sau biyu. Idan wasanka yana da wani jigo, ka ƙirga katunan jigon nawa ne ke fitowa a fakiti ɗaya. In bai kai biyu ba, mai saye ba zai ma san akwai shi ba, sai ka ƙara su a gama-gari.

Dole a faɗi maganar caca, domin iyaye da malamai za su tambaye ka, kuma suna da hujjar tambaya. Magic ya fara da dokar da kowane ɗan wasa ke ajiye kati ɗaya wanda ya ci ya kwashe. Kamfanin ya yi watsi da ita cikin 'yan shekaru. Kada ka kusanci wannan. Rufaffen fakiti ma ba a rasa ce-ce-ku-ce a kansa ba: a 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ɗauki akwatunan sa'a da ake saya a wasu wasannin kwamfuta a matsayin caca. In za ka yi fakiti, buga lissafin abin da ke ciki a bayansa. Akwai kuma hanyar da kamfanin Fantasy Flight ya bi da Android: Netrunner a 2012: kowane kwali abin da ke ciki sananne ne, kowa iri ɗaya yake samu. Ga ƙaramin mai bugawa wannan ya fi sauƙin aiki ma, ba sai an zauna ana cakuɗa katuna da hannu ba.

Mataki na bakwai: fuskar katin

Girman da aka fi amfani da shi milimita 63 da 88 ne, kuma shi ne ledojin kati da ake sayarwa suka dace da shi. Sa suna da farashi a sama, don a hannu saman ne kawai ke fitowa. Abu ɗaya ka riƙa faɗinsa da kalma ɗaya: in ka ce "kashe" a wani kati, kada ka ce "halaka" a wani, 'yan wasa za su yi gardama ko abu biyu ne. Bayan katuna ya zama iri ɗaya sak, takarda ɗaya, yanka ɗaya, don kada a gane kati ta baya. Idan da Hausa za ka rubuta, gwada ƙ da ɗ da ɓ a rubutun da ka zaɓa a kan injin maɗaba'ar kanta kafin a buga da yawa.

Mataki na takwas: gwaji, da abin da ke biyo bayan bugu

Kada ka biya mai zane tukuna. Rubuta katunan a guntayen takarda, ka zura su a leda tare da tsohuwar karta. Haɗa ɗauri uku aƙalla: mai gaggawar duka, mai jan wasa ya yi tsawo, da mai neman haɗa katuna biyu ko uku su gama wasa lokaci guda. Bayan kowane wasa a rubuta wa ya fara, wa ya ci, a zagaye na nawa, da katin da ya yanke hukunci. In mai farawa ne ke yawan ci, ba na biyu wata diyya, kamar ƙarin kati. Ka kuma san wasa biyar ba sa nuna komai: kati mai kwafi 4 a ɗauri 60 yana zuwa hannun farko ne sau 40 cikin 100, mai kwafi ɗaya kusan sau 12, don haka mugun kati zai iya ɓuya maka kwanaki. Nemo mutumin da ba ya jin nauyinka, wanda burinsa kawai ya ci, ka ba shi katunan duka ya gina abin da ya ga dama.

Gyaran ƙarshe shi ne mafi haɗari. Skullclamp, wanda ya fito a Magic a Fabrairun 2004, an sauya shi dab da gama aiki ya zama yana ƙara duka 1 yana rage juriya 1, in mayaƙin da ke ɗauke da shi ya mutu a ja kati 2. Ragin juriyar ya yi kama da rauni, ashe shi ne ƙarfin: ka ɗora wa mai juriya 1, ya mutu nan take, ka ja kati 2 da kuzari 1, ka sake. A watan Yuni na shekarar aka haramta shi. Duk katin da ka taɓa wa lamba, ko ɗaya ce, ya koma teburin gwaji kamar sabo.

Bayan an buga, takarda ba ta gyaruwa yadda Hearthstone ke sauya lambar kati ta intanet. Abin da ya rage maka shi ne taƙaita kwafi, ko haramtawa, ko buga katin da ke maganinsa a fitowa ta gaba. Sanar da ranakun da za ka riƙa duba jerin, ka kuma bayyana dalilin kowane hukunci. Sai ka yi hattara da jarabar sa sababbin katuna su fi tsofaffi don a saya: Charizard na farko ransa 120 ne, yau akwai katunan Pokémon da suka haura 300, ko da yake wasan ya sa wa manyan diyya, wanda ya kayar da su yana kwasar katunan lada biyu ko uku maimakon ɗaya, cikin shidan da ake tarawa don a ci wasa. Magic kuwa tun 1995 yake da tsarin gasar da fitowar baya-bayan nan kawai ake amfani da ita, don sabo ya samu wuri ba sai ya fi tsoho ƙarfi ba. Zaɓi ɗaya daga cikin hanyoyin nan tun kafin fitowa ta biyu, ka faɗa wa masu saye, sannan ka ciro tsanin mataki na biyu ka auna sababbin katunan da shi, ba da katin da ya fi ƙarfi a fitowar farko ba.